Tambaya kan ingancin libarbar ado samfurin Colt na 1873

Mazaunin Jidda:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi wata bindigar hannu ta ado, wadda ba ta harbi, a wani shagon kayan gargajiya da ke Balad, tsohuwar unguwar Jidda, kuma mai shagon ya ce an kwaikwayi libarbar kamfanin Colt na Amurka ta shekarar 1873 ne. Kuɗinta bai kai riyal 500 ba, kuma nufina in rataye ta a ɗakin baƙi kusa da wata tsohuwar takobi. Sai dai da na kawo ta gida na lura da wani siririn layi da ya bi tsawon bututun, gangar harsashin tana ɗan girgiza idan na taɓa ta, sannan baƙin launin ya fara kwailewa a inda babban yatsa ke dannawa. Shin haka irin waɗannan suke, ko kuwa mara kyau aka ba ni?

Maƙerin Makka:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai ka ɗora maganaɗisu a jikinta. Idan bai kama ba, to ba ƙarfe ba ne, zubi ne na tutiya da aka gauraya da alminiyam da ɗan jan ƙarfe, wanda masu sana'ar ke kira zamak, kuma da shi ake yin yawancin bindigogin ado masu sauƙin kuɗi, har da na kamfanin Denix da ke tsibirin Menorca a ƙasar Sifen. Layin da ka gani a bututun shi ne mahaɗar ɓangarori biyu na mazubin, kuma a nan ne ake gane ƙwazon ma'aikata, domin mai kulawa yakan goge shi har sai ya kusa ɓacewa kafin a sa launi, mai gaggawa kuwa yakan bar shi yadda farce zai iya kamawa.

Game da launi, ta asali da aka ƙera a Hartford ta Amurka ba fenti aka shafa mata ba. Bututun da gangar harsashin an rina su shuɗi mai duhu a jikin ƙarfen kansa, ainihin jikin bindigar kuma an gasa shi cikin gawayi har ya fito da dabbare-dabbaren launuka, marikin kuwa katakon itacen walnut ne. Tutiya ba ta karɓar irin wannan aiki, saboda haka rufi ne kawai ake yi mata a sama, kuma dole ya kwaile a wurin da hannu ke yawan gogawa. A ganina wannan ba aibi ba ne a wannan farashi, amma girgizar gangar ta fi damuna, domin idan ka ja gudumar, wato abin da ke bugun harsashi, zuwa baya ya kamata gangar ta juya ta tsaya cak, rami ɗaya daga cikin shida yana daidai da bututun.

Mai Tara Kayan Tarihi, Riyad:

Na yarda da abin da Malam maƙeri ya faɗa, sai dai ina ƙara gargaɗi guda. Kada ka bari yara ko baƙi su riƙa jan kunamar suna sakin gudumar don jin ƙara, saboda tutiya ba ta lanƙwasa, tsinkewa take yi farat ɗaya, kuma mai walda ba zai iya haɗa ta yadda yake haɗa ƙarfe ba. Haka nan kusoshin, idan sun saki, a ɗaure su a hankali, don zaren ramin yana saurin cinyewa. Sau da yawa girgizar gangar daga sandar tsakiya ce, wadda gangar ke juyawa a kanta, da ba ta zauna daidai ba, kuma mayar da ita wurinta kan wadatar.

Wanda yake son ƙarfe na gaske da rini irin na da, sai ya dubi aikin Italiya, wato na kamfanin Uberti, wanda aka kafa a 1959, ko na kamfanin Pietta, amma waɗannan bindigogi ne masu harbi, kuma a nan Saudiyya maganarsu maganar lasisin Ma'aikatar Cikin Gida ce, ba ta adon ɗaki ba.

Dattijon Jidda:

Ɗana, tun da a Jidda kake, abokin gabarka laima ce da gishirin teku. Ko da jikin ba ya tsatsa, kusoshi da sifirin na ciki ƙarfe ne, kuma wurin da rufin ya kwaile yakan yi fari-fari kamar an barbaɗa gari. Ka riƙa shafa mata man keken ɗinki kaɗan da tsumma mai laushi, ka nisanta ta daga bakin na'urar sanyaya ɗaki, kuma kada ka sa mata maganin goge tagulla, domin zai cinye launin da ya rage. Idan kuma wata rana ka yi niyyar kai ta gida Najeriya, ka tambayi kamfanin jirgi da hukumar kwastan tukuna, domin a filin jirgi ba a barin abin da ya yi kama da bindiga a jakar hannu, ko da na ado ne.

Mazaunin Jidda:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada maganaɗisun, kusoshin kaɗai ya kama. Na kuma tura sandar tsakiyar ta shige sosai, girgizar ta ragu, ko da yake ba ta daina gaba ɗaya ba. Baba, akwatin gilashi zai fi rataya a bango, ko duk ɗaya ne a wannan laimar tamu?