Kratos ko CJ, wa ya fi jure duka? Da fim ɗin cikin gem ake aunawa ko da abin da ake gani in an riƙe fad (abin dannawa na buga gem)?

Ɗan_Gwammaja:
Salam 'yan uwa. Wata gardama ce ta kaure mana jiya da daddare a gidan gem ɗin layinmu har sai da mai shago ya kashe janareta ya kore mu, shi ne na ce bari in kawo ta nan ko a samu mai raba mu. Wani yaro ne yana buga God of War na 2018, ya je ya saka a mafi wuya wai shi gwani, ko nisa bai yi ba waɗannan gawarwakin draugr suka yi masa taron dangi, sara uku ko huɗu Kratos, jarumin gem ɗin, ya zube. Sai abokina da ke kan benci yana jiran layi ya ce ai daman Kratos suna ne kawai, CJ, jarumin gem ɗin GTA San Andreas, ya fi shi taurin rai, tunda CJ za a yi ta ɗirka masa harsashi yana gudu, ya faɗa Cluckin' Bell ya ci kaza ya fito garau kamar ba shi ba. Na ce haba malam, mutumin da ya kashe Zeus, wanda Atlas mai ɗauke da duniya ya matse tsakanin yatsu biyu bai fashe ba, shi za ka haɗa da ɗan daban Grove Street? Ya ce shi bai san wannan ba, abin da ya gani da idonsa a fad shi ne hujja, fim kuwa kowa ma ana iya zuzuta shi a fim.

To tambayata ke nan, in ana so a san ƙarfin jikin jarumi a gem, wanne ake ɗauka? Wurin da gem ke karɓe maka fad ya nuna labari, ko yawan dukan da jininsa ke ɗauka kafin ya ƙare?

Injiniya_Tudunwada:
Wa alaikumus salam. Abokinka bai da gaskiya ko kaɗan, kuma abin da ya ruɗe shi ya ɗauka wannan layin jinin da ke saman allo naman jikin jarumi ne. Ba shi ba ne, doka ce ta wasa kamar yadda a ludo sai ka jefa shida kake fitowa daga gida. Shi yaron da ya saka a mafi wuya, da ya mayar mafi sauƙi draugr ɗin nan za su yi ta saran Kratos har su gaji, to sai mu ce Kratos biyu ne kenan? Labarin ɗaya ne, lamba kawai aka juya.

Ga misalin da ni ya gamsar da ni. A Uncharted in ana harbin Nathan Drake allo yana yin ja yana dushewa, ka laɓe bayan bango daƙiƙa kaɗan ya dawo daidai. A 2018 wani ma'aikacin Naughty Dog, kamfanin da ya yi gem ɗin, mai suna Jonathan Cooper, ya rubuta a Twitter cewa ai harsashin ba ya samun Drake, wannan jan sa'arsa ce ke ƙarewa, in ta ƙare sai harsashi ɗaya ya same shi ya mutu, kuma Amy Hennig da ta jagoranci gem ɗin na farko ta tabbatar da haka. Sai ka duba Uncharted 2, harbi ɗaya abokin gabarsa Flynn ya yi masa a ciki a cikin jirgin ƙasa, mutum ya farka yana lilo a tarago a bakin dutse jini na zuba yana jan ƙafa cikin ƙanƙara da ƙyar. Wannan shi ne Drake na gaskiya, mutum ne kamar ni da kai. CJ ma haka, ɗan adam ne, kazar Cluckin' Bell ba ta cire harsashi. In da fad za mu bi ai sai in danna HESOYAM, lambar sirrin San Andreas, jini ya cika sulke ya cika a ƙara min dala 250,000, in ce CJ ba ya mutuwa kuma attajiri ne.

Sarkin_Fad:
Oga Injiniya na yarda da rabin maganarka amma ka cika ba fim ɗin nan gaskiya wlh, shi ma yana da tasa ƙaryar, kuma tasa ta fi ƙona rai don kana ji kana gani hannunka na kan fad ba abin da za ka iya. Marubuci in ya ga dama yau a kashe wane, to ko ƙarfe ne sai ya mutu. Mortal Kombat na 2011 fa? A faɗa ana yi wa mutum X-ray ka ga ƙoƙon kai ya tsage haƙarƙari ya karye ya miƙe ya ci gaba da naushi, wannan na yarda wasa ne. To amma sai Sindel ta shigo a labari ita kaɗai ta share Jax da Smoke da Kabal da Stryker da Jade da Sub-Zero har da 'yarta Kitana cikin minti kaɗan, mutanen da ka gama dukan manyan bosawa da su a babin baya, sai da Nightwolf ya sadaukar da kansa aka tsayar da ita. An ce Shao Kahn, mugun sarkin gem ɗin, ya ƙara mata ƙarfi, to ko da haka, ni abin da na gani shi ne ana so a rage jarumai ne kawai a shirya wa gem na gaba.

Final Fantasy VII na 1997 kuma ya fi ban haushi. Aerith da ake ta watsa wa wuta da tsawa a fagen faɗa, in ta faɗi ka jefa mata maganin Phoenix Down ta tashi, sai ga Sephiroth ya diro daga sama suka ɗaya da takobi shikenan, Cloud na tsaye da aljihu cike da Phoenix Down yana kuka. Na san amsar da ake bayarwa, wai a faɗa suma ake yi ba mutuwa ba, maganin na farfaɗo da wanda ya suma ne. To na ji. Amma a faɗan ƙarshe shi Sephiroth ɗin yana yin Supernova, a nuna maka an farfasa duniyoyi rana ta kumbura ta haɗiye ku, ku fito da rai, kuma yana iya maimaitawa a faɗa ɗaya. Wannan fim ne ko wasa? A ina za ka ajiye shi?

Ummi_Gamer:
Hhhh ku dai ku bar abokin nan nasa, in da fad ake aunawa to Tommy Vercetti na Vice City ya fi kowa rauni a duniya, mutumin da ya ƙwace gari guda da bindiga amma ruwa ya kai masa wuya ya mutu, a garin da teku ya kewaye. Ni ƙanina ma kuka ya yi ranar da Shepherd ya harbe Ghost a Modern Warfare 2, yana ta cewa ya laɓe mana jininsa ya dawo.

Malam_Na_Zinder:
Ƙannena ku yi haƙuri in sa baki, ni tun zamanin Sega nake wannan harka. Supernova da Sarkin_Fad ya kawo ba ta da wuyar warwarewa, kaso take cirewa daga jinin da ya rage maka, ba a gina ta don ta kashe ba, ado ne aka yi wa lissafi, shi ya sa ba wanda ya taɓa maganar fashewar rana a labarin bayan faɗan. Ni nan nake dubawa, shin labarin ya san abin ya faru? Mutanen ciki sun yi maganarsa, ya bar tabo, ya canza wani abu? In bai sani ba to ba hujja ba ce, ko da fad aka yi ko fim aka nuna.

Kuma ba kullum biyun ke faɗa da juna ba. Ethan Winters na Resident Evil shekara huɗu ana yi masa dariya, a na 7 an datse masa hannu da zarto aka maƙala da sitefula ya ci gaba da aiki, a Village na 2021 Lady Dimitrescu ta cire masa ɗaya hannun, ya ɗauka ya jona ya tsiyaya ruwan magani ya haɗe har da hannun rigar. Kowa ya ce shirmen gem ne. Ashe da gangan ne, can ƙarshe aka bayyana tun farkon na 7 Jack Baker ya kashe shi, jikin nasa duk wata irin funfuna ce, shi ya sa yake haɗewa. Wanda bai buga ba ya yafe min. To ka ga a nan abin da ka gani a fad gaskiya ne, labari ya sa hannu. Arthur Morgan ma a Red Dead Redemption 2 da tarin fuka ya kama shi ba a fim kaɗai ya tsaya ba, kana wasa kana ganin ya rame, abinci ba ya yi masa amfani kamar da.

Na Kratos kuwa, matsar da Atlas ya yi masa a God of War II kai da kanka kake danna maɓalli ya buɗe yatsun, daga nan su yi magana labari ya ci gaba a kai, ka ga an haɗu. Amma kar ku ce ba ya jin ƙarfe, a farkon wannan gem ɗin da ya juye ƙarfinsa cikin takobin Olympus, Zeus ya soke shi da shi ya mutu har hannayen lahira suka ja shi. Sai a tambaya wane Kratos, na wane lokaci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kawo min nishin da yake yi wajen buɗe akwati a ce wai ga iyakar ƙarfinsa.

Ɗan_Gwammaja:
Na gode Malam, na gode kowa. Na karanta masa duka yanzu a shagon, ya yi shiru ya ce to ya janye maganar CJ, amma wai a kawo masa Tommy a busasshiyar ƙasa. Yaron kuma har yanzu ya ƙi rage wuyar, kuɗin awa biyu ya biya yana wuri ɗaya.