Wasan ne ya kashe Derek Boogaard, ko ƙwayar da ya sha?

Kabiru: Assalamu alaikum jama'a. Ga magana, wanda ya ga ba haka ba ne ya fito mu yi. Derek Boogaard, ɗan wasan hokin ƙanƙara da aka tsinci gawarsa a ɗakinsa nan Minneapolis ta Amurka ranar 13 ga Mayu 2011 yana da shekara 28, ni a wurina hukumar NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, ce ta kashe shi. Likitan gwamnati ya rubuta cewa giya da ƙwayar oksikodon ne suka haɗu masa, kuma ba da gangan ya yi ba. Na ji. Amma ku dubi abin da ya bari: wasa 277, ƙwallo 3 kacal, minti 589 na zaman horo a gefen fili. Mutumin da aka biya miliyoyin daloli ya ci ƙwallo uku a shekara shida, kun san ba don cin ƙwallo aka ɗauke shi ba. Don ya doki mutane a kai, su ma su doke shi, aka ɗauke shi. Wanda ya ba shi wannan aikin shi ne ya haƙa masa kabari.

Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Yaya Kabiru, mu da muke nan Kano a yi mana bayani tukuna. Wane irin wasa ne ake ɗaukar mutum aikin duka a cikinsa? Ina alƙalin wasa?

Kabiru: Alƙali yana tsaye yana kallo, ƙanena. A NHL idan biyu suka yar da sandunansu da safar hannu suka kama naushi, ana barinsu sai ɗaya ya faɗi ko sun gaji, sannan kowa ya je ya zauna minti biyar ya dawo. Shi ya sa ƙungiyoyi suka daɗe suna ajiye ƙato ɗaya kamar dogari. Idan aka taɓa gwanin ƙungiya, shi ake sakowa ya rama. Boogaard tsawonsa ya haura mita biyu, nauyinsa wajen kilo 120. A 2006 ya yi wa Todd Fedoruk na Anaheim naushi ɗaya, ƙashin kumatunsa ya farfashe, sai da aka gyara fuskar da ƙarfe.

Malam Nura: Kabiru, ka faɗi gaskiya a lissafi, amma hukuncinka ya yi sauri. Ni na daɗe a Winnipeg ta Kanada, na zauna da mutanen da suka tashi cikin wannan wasan. Ba su ɗauki dogarin ƙungiya a matsayin wanda aka zalunta ba. Wasa ne da ake gudu a kan ƙanƙara da takalmi mai kaifi, kowa da sanda a hannu, ga katanga a kewaye. Su abin da suke cewa shi ne, idan mugun ɗan wasa ya san akwai wanda zai tare shi, ba zai sa sanda a fuskar gwani ba. Shahararren gwani Wayne Gretzky ya yi shekaru a Edmonton Dave Semenko yana gadinsa, kuma da aka sayar da shi ga Los Angeles a 1988 tare da Marty McSorley ya tafi. To, Boogaard ya san aikin, ya kuma so shi. Da ba don naushi ba, da ba a taɓa jin sunansa ba. Ƙungiyar Minnesota Wild ta zaɓe shi ne a zagaye na bakwai na zaɓen sababbin 'yan wasa a 2001, shi ne na 202. A 2010 New York Rangers ta ba shi kwantiragin dala miliyan 6.5 na shekara huɗu. Baligi ne mai hankalinsa ya sa hannu.

Kabiru: Malam, da ya sa hannu a New York baligi ne, amma yaushe aka ɗora shi a hanyar? Yana ɗan shekara 15 a garin Melfort na Saskatchewan ya fusata ya afka cikin bencin abokan hamayya yana kai duka. Masu neman 'yan wasa na ƙungiyar matasa ta Regina Pats suna wurin. Maimakon a ce yaron nan a ja masa kunne, sai aka ce an sami wanda ake nema. Daga nan Regina, Prince George, Medicine Hat, ko'ina abu ɗaya ake so a wurinsa. Yaron da tun bai fara aske gemu ba aka nuna masa cewa ƙofa ɗaya ce tasa, ka ce zaɓi ya yi?

Malam Nura: Ƙofa ɗaya ce a hoki. Duniya ai ba hoki ce kaɗai ba. Mahaifinsa ɗan sandan tarayyar Kanada ne, ba gidan yunwa ya fito ba. Kuma kada ka manta shi da kansa ya buɗe wa yara sansanin koyon faɗan hoki a Regina. Mutumin da yake ganin an zalunce shi ba zai tara 'ya'yan mutane yana koya musu ba.

Hajiya Rabi: Ku ba ni dama in sa baki, tunda aikin jinya nake yi kuma irin wannan mutuwar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ku biyun kuna ta maganar naushi, kun tsallake abin da ya fi kusa da ajalinsa. Oksikodon dangin kodin ce, sai dai ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Tana danne numfashi, giya ma tana dannewa, idan suka haɗu mutum yana barci numfashin yake tsayawa. Akwai kuma abin da mutane ba su sani ba: wanda ya je wurin gyaran masu shaye-shaye ya yi makonni bai sha ba, jikinsa ya daina jure adadin da ya saba. Ya fito ya sha irin na da, sai ya zame masa guba. Boogaard ya fito ne hutu daga wurin gyara a California ya zo Minneapolis, a wannan zuwan ya rasu. Wannan shi ne karo na biyu da aka kai shi, na farko a 2009 ne.

Tambayar da ni nake yi ita ce, wa ya fara ba shi? Mahaifinsa Len ya bi takardun magani ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ɗan sanda yake bincike, ya tarar da takardu sama da ɗari, na dubban ƙwayoyi, daga hannun likitocin ƙungiyoyi fiye da goma. Ciwon hannu, ciwon kafaɗa, haƙora, rashin barci, kowane likita ya rubuta nasa. Ya sayi wasu a hannun dillalai ma, wannan gaskiya ne. Amma mutumin da aka san ya taɓa zuwa wurin gyara, a ci gaba da rubuta masa irin waɗannan magunguna? Ni a nan laifin ya fi bayyana, kuma ba sai an buɗe ƙwaƙwalwar kowa ba kafin a gan shi.

Kabiru: To Hajiya ai maganata kika ƙarfafa. Likitocin na wa ne?

Hajiya Rabi: Rabinta na ƙarfafa, Kabiru. Kai cewa kake yi duka ne ya kashe shi. Ni cewa nake yi sakaci da magani ne. Ɗan wasan da bai taɓa faɗa ba ma, ya karye a gwiwa aka yi masa irin wannan rubutun, zai iya ƙarewa haka.

Kabiru: Sai dai an buɗe ƙwaƙwalwar, Hajiya. Iyayensa sun ba da ita ga masu bincike na Jami'ar Boston, Dokta Ann McKee ta duba, ta sami cutar CTE, wadda yawan bugun kai yake haddasawa, kuma ta yi nisan da ba a saba gani ba ga mai shekara 28. Likitocin sun gaya wa iyayen cewa da ya rayu, da alama da ya shiga gigin tsufa tun yana tsakiyar shekarunsa. Wasansa na ƙarshe ma faɗa ne, 9 ga Disamba 2010, da Matt Carkner na Ottawa, inda ya bugu a kai ya kuma ji ciwo a kafaɗa. Daga nan ya koma zaman ɗaki shi kaɗai a New York, haske na damunsa, ciwon kai ba ya sauka. Cutar nan tana taɓa wurin da mutum yake kame kansa da shi. To ta yaya za a raba shan ƙwayar da ƙwaƙwalwar da ta lalace?

Hajiya Rabi: Ba za a raba ba, amma ba za a iya cewa wanne ya riga wanne ba. CTE sai bayan mutuwa ake tabbatar da ita, ana yanka ƙwaƙwalwa a nemi wani furotin mai suna tau da ya taru kusa da jijiyoyin jini. Kuma ƙwaƙwalen da ake kaiwa Boston yawanci na waɗanda iyalansu suka riga suka ga alamar matsala ne. Wannan ba ya ƙaryata abin da aka gani a tasa. Yana nufin a yi hattara da cewa ga dalili ɗaya tak.

Malam Nura: Ga kuma wani abu, Kabiru. Henri Richard na Montreal, wanda ya ci kofin Stanley, babban kofin NHL, sau 11, ya rasu a 2020, a 2023 aka sanar cewa yana da CTE. Shi gwanin wasa ne, ba dogarin kowa ba. Ke nan ko an hana faɗa gobe, karon da ake yi da kafaɗa da buga mutum da katanga yana nan. Sai dai ka ce a soke wasan ɗungurungum.

Sadiya: Baba Nura, da girmanka, wannan hujjar ba ta zauna mini ba. Karo yana zuwa ne cikin neman ƙwallo. Faɗa kuwa sai an tsayar da wasa, agogo ya tsaya, sannan a yi shi. Ana iya cire shi wasa ya rage wasa, kuma an cire a wurare da yawa. A gasar Olamfik wanda ya yi faɗa korarsa ake yi daga wasan. Haka a jami'o'in Amurka. Gasar matasa ta Quebec ma ta bi sahu a 2023. Ban ji an ce an gama da gwanaye da sanda a waɗannan wuraren ba. Kuma ba Boogaard kaɗai ba ne a wannan shekarar. Rick Rypien ya rasu a Agusta 2011 yana da shekara 27, Wade Belak ya bi shi a ƙarshen watan yana da 35, dukansu an san su da faɗa. Shekara guda kafin nan Bob Probert ya faɗi yana da 45, shi ma aka sami CTE a kansa.

Malam Nura: 'Yata, Probert zuciya ce ta buga masa. Rypien kuma ya daɗe yana fama da ciwon damuwa. Kada mu tara gawawwaki wuri ɗaya don sun yi aiki iri ɗaya.

Ɗanjuma: Ni dai da nake saurare, abin ya yi mini kama da dambe. Ɗan dambe ya san zai sha naushi, makaɗi na zuga shi, jama'a na liƙi, idan ya tsufa hannu na rawa ba ka ganin ko ɗaya daga masu liƙin. Amma ban taɓa jin an ce mai shirya dambe ne ya kashe shi ba.

Sadiya: Bambancin, Yaya Ɗanjuma, shi ne ɗan dambe yana da lokacin hutu tsakanin karawa, kuma kowa ya yarda dambe yake yi. A NHL a zamanin Boogaard wasa 82 ake yi a kaka ɗaya, kuma a takarda faɗa laifi ne da ake hukuntawa. Hukuma ta kira abu laifi, ƙungiyoyinta kuma suna biyan albashi don a aikata shi.

Kabiru: Kuma har yau ba su amsa ba. Shugaban NHL Gary Bettman ya sha nanata cewa ba a tabbatar da alaƙa tsakanin hoki da CTE ba, alhali wani babban jami'in NFL ta ƙwallon Amurka ya amsa alaƙar a nasu wasan tun 2016. Iyayen Boogaard sun kai ƙara a 2013, kotun tarayya a Chicago ta kore ta a 2017.

Malam Nura: To ka gani, kotu ma ba ta bi ka ba.

Kabiru: Malam, kotun ba ta ce NHL ta wanku ba. A kan ƙa'idar shigar da ƙara da yarjejeniyar ƙwadago aka tsaya, ba a kai ga zaman sauraron shaidu a kan ƙwaƙwalwarsa ba. A 2018 kuma NHL ta sasanta da tsofaffin 'yan wasa da suka yi ƙararta kan bugun kai, kusan dala miliyan 19 gaba ɗaya, wajen dala 22,000 kowane mutum, ba tare da amsa laifi ba.

Abba: Ni abin da yake damuna daban ne. Kullum aka ambaci mutumin nan sai ƙwaya da ƙwaƙwalwa, kamar bai taɓa zama mutum ba. Waɗanda suka zauna da shi cewa suke yi mai sanyin hali ne a wajen fili, mai kunya. Yana taimakon wata gidauniya da take sama wa 'ya'yan sojoji kayan hoki. Fedoruk ɗin da ya fasa wa fuska daga baya ya koma Minnesota, suka zama abokai. Rigarsa mai lamba 24 tana cikin waɗanda aka fi saye a Minnesota. Da ya rasu, magoya baya da kansu suka taru a filin Xcel Energy Center na St. Paul, iyalinsa suka zo. Kuma ku nemi bidiyon ƙwallon da ya ci Washington a Nuwamba 2010, bayan wasa 234 bai ci ba, ku ga yadda benci ya ruɗe.

Kabiru: Na gani, Abba. Na kuma san abin da ya sa ake sayen rigar. Ba don ƙwallo uku ba ne.

Malam Nura: A nan kam mun haɗu. Shi ya sa nake ce maka kada ka tsaya a kan Bettman. Yanzu da wuya ka ga ƙungiya ta ajiye mutum don faɗa kaɗai, faɗan ma ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da zamanin Boogaard, kuma ba doka ce ta kawo haka ba. Wasa ya ƙara sauri, albashi yana da iyaka, ba mai son ɓata gurbi a kan wanda ba ya iya gudu. Amma a Fabrairu 2025 da Amurka da Kanada suka haɗu a Montreal, faɗa uku aka yi cikin daƙiƙa tara na farko, filin nan kamar zai tsage don ihu. Idan za ka rubuta sunayen masu laifi, ka fara da waɗanda suka sayi tikiti.

Hajiya Rabi: Mai tikiti ba ya rubuta takardar magani, Malam.

Sadiya: Ba kuma shi yake rubuta minti biyar a littafin doka ba.