Na aske gashina ina son in sake tarawa, amma kamar ya tsaya cak

Ummu_Nana:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin gashi ku taimaka min da shawara, musamman waɗanda suka taɓa askewa suka sake tarawa daga tushe. Ni dai rilaksa ce ta gama min da gashi, gaba ya cinye, ƙeya ta ƙwaƙule, tsakiya ne kawai ke da ɗan tsayi, sai na haƙura na sa aka sauke min shi gaba ɗaya. To yanzu ya fito alhamdulillah, amma ya kai wani mataki mai ban haushi, bai isa a kama da ribom ba, kitso kuma in an yi kwana biyu ya fara warwarewa, in na taje ya miƙe kowanne ya kama gabansa, in na wanke kuma ya dunƙule kamar jiya aka yi askin. Abin da ya fi ɗaga min hankali, duk sanda na sa mataji sai na ga guntayen gashi a kafaɗata da ƙasa, kuma wlh ji nake kamar ya daina tsayi kwata-kwata.

Akwai wani mai da ke sa gashi saurin fitowa da gaske ne? Sannan wata ta ce min in dinga datse bakinsa duk wata wai shi ke sa ya yi tsayi, wata kuma ta ce in je a yi min kitson atach in manta da shi kawai. Ni duk na rikice.

Hajjo_Mai_Kitso:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, gashinki bai tsaya ba. Gashin ɗan Adam wajen santimita 1 yake ƙaruwa a wata, na wasu ya ɗan fi haka, irin namu mai murɗewa ma yakan ɗan yi ƙasa da haka, kinga a shekara guda kina maganar santimita 10 zuwa 15 ne in komai ya tafi daidai. Kuma namu yana ƙanƙancewa, gashin da in kin ja shi zai taɓo kunnenki in ya sha ruwa ya bushe sai ya koma rabi ko ma ƙasa da rabi. Don haka ki daina auna shi da madubi. Ki kama sili ɗaya daga tsakiyar kai ki ja shi a hankali ki ga inda ya tsaya, ki ɗauki hoto, sai bayan wata biyu ko uku ki sake.

Yanzu ga aikin da nake so ki yi kafin ki sayi kowane irin mai. Waɗannan gasun da kike gani a kafaɗa, ki tsinci kaɗan ki ɗora a kan farar takarda ki duba da kyau. In kin ga sili ya kai tsayin gashinki kuma a gindinsa akwai wani ɗan farin ɗigo ƙarami, wannan zubewa ce ta al'ada, wa'adinsa ne ya cika ya fita wani zai maye gurbinsa. In kuwa guntaye ne gajeru ba ɗigon nan, wasu ma sun lanƙwashe ko kin ga ɗan ƙulli a jikinsu, to karyewa yake yi, kuma ina kyautata zaton naki kenan. Yana fitowa daga ƙasa yana karyewa daga sama, dole ki ga kamar ya tsaya wuri ɗaya. Mafi yawan matan da ke zama a gabana suna cewa gashinsu ba ya tsayi matsalarsu kenan.

Dalili kuwa, maiƙon da fatar kai ke fitarwa yana gangarowa cikin sauƙi a miƙaƙƙen gashi, amma a namu kowane lanƙwasa sai ya tare shi, baki ba ya samu, sai ya bushe, kuma duk inda silin ya murɗe nan ne wurin da ya fi rauni. Sai ki zo da ƙaramin mataji mai matsattsun haƙora ki sa a busasshen gashi ki fizga, har kina jin yana ƙas-ƙas. Wannan ƙarar da kike ji gashinki ne ke tsinkewa.

Kar ki sake taje shi a bushe. Ki samu 'yar kwalbar feshi ki zuba ruwa, ki fesa har ya yi laushi, ki shafa kwandishina irin wanda ba a wankewa, ki raba shi gida-gida ko da gajere ne, ki fara warware shi da yatsunki, in dole sai kin sa mataji to mai manyan haƙora, ki fara daga baki ki gangara zuwa tushe, ba daga tushe ki ja zuwa baki ba. Bayan nan ne mai zai shigo, ɗan man kaɗanya ko na zaitun ki murza a tafin hannu ki bi kai da shi don ya riƙe damshin. Mutane da yawa suna lafta mai a busasshen gashi suna zaton sun jiƙa shi, alhali mai ba ya jiƙa gashi, ruwa ne ke jiƙawa, shi mai rufewa kawai yake. Da dare kuma ki ɗaura hular satin ko ki sa wa filonki rigar satin, auduga tana tsotse damshi kuma tana goga gashi duk juyin da kika yi.

Maganar atach kuwa, ni sana'ata ce amma zan faɗa miki gaskiya, a wannan tsayin ban ba ki shawara ba. Gashi gajere kafin ya kamu sai an ja shi sosai, sannan a rataya masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. In kika tashi daga wurin kitso kina jin fatar goshinki ta ɗame, ba kya iya ɗaga gira, ko washegari kika ga ƙananan ƙuraje a bakin layi, ki tsefe shi ko nawa kika biya. Irin wannan jan ne ke cinye gaban goshi, da farko yana dawowa in an daina, amma in aka daɗe ana yi tushen mutuwa yake yi ba ya sake fitowa. Ki yi ƙananan murɗe da gashinki kawai, ko kitson hannu sakwa-sakwa, in ya warware a sake, ba komai.

Zee_baby:

Sis ki nemi man kasto baƙin nan, ki dinga shafawa a fatar kai kullum da dare kina tausa, sannan ki haɗa da ƙwayar bitamin ɗin nan biotin, wlh nawa cikin ɗan lokaci ya cika ya yi baƙi kowa sai ya tambaye ni me nake sawa. Kuma kar ki dinga yawan wankewa, ruwa na karya gashi.

Maman_Khalifa:

Zee ki yi haƙuri zan ɗan saɓa miki, ni ma'aikaciyar lafiya ce kuma wannan maganar biotin ɗin tana yawan zuwa gabanmu. Biotin yana taimakon wanda jikinsa ke da ƙarancinsa ne, kuma masu wannan ƙarancin ba su da yawa. Wadda ba ta da ƙarancin in ta sha, rarar fita take a fitsari. Abin da ya fi muhimmanci, biotin mai yawa yana iya rikita sakamakon gwajin jini, musamman na tayirod (wata halitta a wuya da ke fitar da sinadaran jiki) da na troponin da ake yi in ana zargin bugun zuciya, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi a kan haka a 2017. Duk wadda ke sha ta gaya wa likita kafin a ɗebi jininta. Man kasto kuwa ban hana ba, yana da kauri yana rufe damshi, gashi ya rage karyewa sai ki ga ya cika, ina ganin abin da ya faru da naki kenan. Amma babu wata hujja mai ƙarfi cewa yana ƙara saurin fitowa daga tushe, kuma a lafta shi kullum ba wanki kai zai yi dauɗa ya fara ƙaiƙayi.

Ummu Nana, bari in ƙara kan abin da Anti Hajjo ta ce don ki san abin da ke hannunki da wanda ba ya hannunki. A kan mutum akwai gashi wajen 100,000, kuma ba tare suke tafiya ba. Kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari suna matakin girma ne, wanda ke ɗaukar shekara 2 zuwa 7 gwargwadon halittar mutum, daga nan sili ya tsaya na 'yan makonni, ya huta kamar wata 3, sannan ya faɗi sabo ya fito a gurbinsa. Shi ya sa zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne, kuma in kin yi sati uku da kitso kika tsefe kika ga dunƙule guda kar ki firgita, na duk kwanakin ne suka taru ba su samu hanyar faɗuwa ba. Tsawon wancan matakin girman galibi gado ne.

Inda za ki nemi asibiti shi ne in zubewar ta wuce misali, masu farin ɗigon nan suna fita damƙi-damƙi. Hakan na faruwa wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, ko bayan zazzaɓi mai zafi, tiyata, tashin hankali, ko rage ƙiba da gaggawa, kuma yawanci yana daidaita da kansa cikin watanni. Ƙarancin sinadarin ƙarfe (ayon) a jini da matsalar tayirod su ma suna jawo shi, waɗannan gwaji ne ke nunawa kuma suna da magani. Haka in kika ga wani fili zagayayye ya share sumul, ko tsakiyar kai na zafi yana raguwa, kar ki tsaya gwada mayuka, ki ga likitan fata da wuri.

Datse baki duk wata kuma ba ya sa tsayi. Silin da ke waje ba rai gare shi ba, tushen da ke cikin fata bai san ma an yanka baki ba. In kina samun santimita 1 a wata kina yanke santimita 1 a wata, yaushe za ki tara? Ana datsewa ne in baki ya tsage ko ya cika ƙulli, saboda tsagewar tana hawa sama ta ci sauran, kuma da almakashi mai kaifi na gashi, dakusasshe ƙara tsaga shi yake.

Abban_Sadiq:

Ku yi haƙuri na shigo zancen mata, amma mu ma masu tara suma mun san wannan matakin, shi ne inda yawanci ake karaya a koma wurin mai aski a ce sauke kawai. Abin da ya taimake ni, na bar sama da tsakiya ban taɓa ba, amma ina sa a ɗan gyara min ƙeya da gefen kunne lokaci-lokaci, saboda su ne ke fara yin buzu-buzu su sa kai ya zama kamar ba a kula da shi. In gefe ya yi tsaf ko sama bai kai ba ba ya muni. Sai dai ki gaya wa mai gyaran tun kafin ya ɗauki almakashi cewa tarawa kike, in ba haka ba hannunsu na da saurin wucewa.

Ummu_Nana:

Kai na gode sosai, Allah ya saka da alheri. Anti Hajjo na yi abin da kika ce, na tsince su na duba a takarda, kusan duka guntaye ne ba farin ɗigo, biyu ko uku ne kawai masu shi, kenan karyewa ce. To wanki fa, tunda Zee ta ce ruwa na karyawa? Kuma ina da amosani, shi ya sa nake yawan sosawa. Sannan wig fa, zan iya sawa in zan fita kafin ya kai?

Hajjo_Mai_Kitso:

Yauwa, kinga yanzu kin san da wa kike faɗa. Ruwa ba ya karya gashi ƙanwata, yadda ake wankin ne ke karyawa, a tara shi a tsakiyar kai a cuɗa kamar ana wankin tsumma, a goge da tawul da ƙarfi, sannan a bi da diraya mai zafi. Ki wanke sau ɗaya a sati ko duk kwana goma, shamfu a fatar kai za ki sa ki murza da tafin yatsu ba da farce ba, kumfar da ta gangaro ta ishi sauran gashin. Kwandishina kuma kar ki taɓa tsallake shi, ki bar shi ya ɗan jima kafin ki ɗauraye, a lokacin ne ma ya fi daɗin warwarewa don yana santsi. Ki tsane ruwan da tsohuwar riga mai laushi, dannawa za ki yi ba gogewa ba, kuma kar ki ɗaure kai ko ki kwanta da shi a jiƙe sharkaf.

Amosanin nan ki magance shi tun yanzu, susa da farce ko da bakin mataji tana ji wa fata ciwo tana kuma tsinka gashi daga ƙasa. Akwai shamfu mai ɗauke da maganin ketoconazole, ki shafa a fatar kai ki bar shi kamar minti 5 kafin ki wanke, yana ɗan busar da gashi don haka kwandishina dole ne bayansa. Kuma ki daina zuba mai a fatar kai har sai ya lafa, yawan maiƙo ƙara masa ƙarfi yake, man ki bar shi a jikin gashin kawai. In kin yi wata guda ba sauƙi to Maman Khalifa ta riga ta faɗa miki inda za ki.

Wig ba laifi, ya ma fi atach a wannan matakin, amma da sharaɗi. Kitson da ke ƙasa ya zama sakwa-sakwa, ki sa hular satin ko mai santsi tsakani, banda gam a gaban goshi, ƙananan matajan da ke cikinsa kuma in suna cizon wuri ɗaya ki cire su ki yi amfani da bel ɗin. Da kin dawo gida ki tuɓe shi kai ya sha iska, ki ɗan fesa ruwa, kitson ƙasan kuma kar ya wuce sati biyu zuwa uku ba ki tsefe kin wanke ba.