Zauren Adarawa: ɗan'uwa na son barin sigari, a ba shi shawara

Isaka mai kabu-kabu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawararku nake nema tsakani da Allah. Na ƙudurta barin sigari. Da rana ina kan moto ina iya daurewa, amma da zarar an yi magariba na zauna a fadarmu ta Bilbis, aka ɗora shayi, wani ya ƙyasta ashana, sai hannuna ya tafi aljihu. Ku da kuka bari, yaya kuka yi? Sai na rabu da abokaina ne?

Malam Isufu: Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka ɗana, ya cika maka wannan niyya. Ni dai ina ganin ka ƙaurace wa fadar tukuna. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Bayan isha'i ka wuce gida wajen iyalinka.

Sani daga Abijan: Malam, a gafarce ni, amma in ya bar fada ya koma ɗaki shi kaɗai, kaɗaicin ne zai mai da shi. Mu da muke ci-rani mun san haka, wanda ya fi kowa zuƙa shi ne wanda ba ya da abokin hira. Abin da ya yi mini amfani shi ne faɗa wa ƴan fada baki da baki: na bari, kada wanda ya miƙo mini, ko na roƙa a hana ni. Na kuma daina zama kusa da masu sha, na koma gefen mai dafa shayi, har na karɓi aikin fifita gawayi da juye shayin. Hannun da ke riƙe da buta ba ya neman kara.

Isaka mai kabu-kabu: Yaya Sani, ba su yi maka dariya ba?

Sani daga Abijan: Sun yi da farko. Daga baya wasunsu suka riƙa ja da baya in za su kunna, don ganin girmana.

Majo Halima: Sannunku. Isaka, bari in faɗa maka abin da muke gaya wa masu zuwa likita. Sinadarin nikotin da ke cikin taba yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙu kaɗan bayan zuƙa, shi ya sa jiki yake saurin sabawa. In ka daina, kwana 3 na farko su ne mafi zafi: saurin fushi, ciwon kai, rashin barci, yawan jin yunwa. Yawanci abin yana lafawa cikin sati 2 zuwa 4. Shi kuma kwaɗayin da ke taso maka lokaci guda ba ya daɗewa, mintoci kaɗan ne ya kwanta, ko ka sha ko ba ka sha ba. To aikinka shi ne ka tsallake waɗannan mintocin. Ka sha ruwa a hankali, ka tashi ka taka ƙafa, ka yi alwala, ka kira wani.

Da Malam da Sani duk suna da gaskiya. Satin farko ka rage zaman fada, ka gaisa ka wuce. In jiki ya fara daidaita sai ka koma da sharaɗin da Sani ya faɗa.

Akwai kuma maganar shayin kansa, wadda mutane da yawa ba su sani ba. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin fitar da sinadarin kafeyin da ke cikin shayi da kofi da goro. In ka bar taba, shayin da ka saba sha zai fi daɗewa a jikinka, sai ka ji zuciya na bugawa, barci ya ƙi zuwa, ka ɗauka rashin sigari ne. Ka bar na farko mai ɗaci, ka jira na biyu ko na uku, musamman da dare.

Lawali mai tebur: Ni ina ganin ya koma tabar gari, wadda ake haɗawa da kanwa a sa a baki. Ai ba hayaƙi. Ko shisha jefi-jefi.

Majo Halima: A'a ƙanena, don Allah kada ka ba shi wannan shawara. Tabar baki ma nikotin ce, kuma tana jawo ciwon daji na baki da lalacewar dasashi. Shisha kuwa ruwan da ke cikinta ba ya tace gubar, ga hayaƙin gawayi da ake haɗawa da shi, ga daɗewar zama ana zuƙa, ga baki ɗaya da ke yawo tsakanin mutane. In abin sakawa a baki yake so, ga aswaki, ga aya, ga dabino, ga kanumfari.

Hajiya Rabi: Aswakin nan gaskiya ne. Maigidana da shi ya bari, cikin azumi. Ya ce tunda yana iya wuni tun asuba har faɗuwar rana ba ya sha, daren ne kawai ya rage masa. Da an sha ruwa sai ya tafi masallaci ya zauna har a gama asham. Amma Isaka, ka gaya wa matarka tun yanzu. Kwanakin farko mutum yana zama mai faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, in ba ta san dalili ba za ta ɗauka da ita kake. Ni da na sani, sai na riƙa kawar da yara daga gabansa in na ga ransa ya ɓaci, na wanke rigunansa duka don warin ya fita, na kwashe ashana daga ɗakinsa. Ƴarmu ƙarama da ke yawan tari cikin sanyi, ita ma ta samu sauƙi.

Mushe Abdu: Hajiya ta taɓo wurin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, kuma sama da miliyan 1 daga cikinsu ba masu sha ba ne, hayaƙin wasu suka shaƙa. A nan Nijar muna da doka tun 15 ga watan Mayu 2006 da ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, ta hana tallarta da sayar wa yara. Duk da haka har yanzu manya suna aiken ɗalibaina sayen kara ɗaya a tebur, abin yana ci mini rai. Isaka, ga lissafi: mai kashe dala ɗari kullum, jika 15 ke nan a wata. Ka samu asusu ka riƙa jefa kuɗin duk dare, ranar Lahadi ka shiga kasuwar Tawa ka yi wa gida cefane da su.

Isaka mai kabu-kabu: Na gode ƙwarai. Majo, na ji ana maganar wani cingam da abin liƙawa a hannu. Suna aiki?

Majo Halima: Suna taimakawa, musamman ga wanda sigari ce farkon abin da yake nema in ya farka. Suna ba jiki nikotin kaɗan ba tare da kwalta da sauran dattin hayaƙi ba, sai a riƙa ragewa sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin muhimman magunguna tun 2009. Ka tambaya a farmasi, in babu ka sa wani ya duba maka a Yamai. Cingam ɗin ba a tauna shi kamar na yara: ka tauna kaɗan, in ka ji yaji ka ajiye shi a kumatu, daga baya ka sake. Na liƙawa kuma kullum ake sauya shi, a sauya wurin da aka liƙa. Mai ciwon zuciya da mace mai ciki su fara ganin lokotoro.

Kuma jiki ba ya jinkirin nuna godiya. Cikin awa 12 gubar hayaƙi da ke cikin jini take sauka, tari da haki suna raguwa cikin watanni, bayan shekara 1 haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi.

Malam Isufu: In kuma shaiɗan ya rinjaye ka wata rana ka sha ɗaya, kada ka ce komai ya lalace. Ka zubar da sauran, ka shigo nan ka faɗa mana, mu ƙarfafa ka.

Isaka mai kabu-kabu: Amin Malam. Na tsai da ranar Juma'a mai zuwa, bayan an sauko daga masallaci. Sai dai ina da tari da ya daɗe, shi ma zai wuce da kansa?

Majo Halima: In ya haura sati 2, kada ka jira. Ka je likitar unguwarku ko babban asibitin jiha a gwada majinarka, don a tabbatar ba tarin fuka ba ne. In ma shi ne, maganinsa kyauta ne kuma ana warkewa. Ka tafi tun kafin Juma'ar, da sassafe, kafin layi ya yi tsawo.