Shekara shida a kujera ɗaya ban ƙaru da komai ba: wa ya taɓa shiga irin wannan?

Wata akawu:
'Yan'uwa, barkanmu da warhaka. Shekarata shida ina aikin akawu a wani kamfani. Da na je neman aiki wani wuri, aka zaunar da ni gaban kwamfuta aka ce in haɗa rahoton ƙarshen wata, nan na gane abin da na iya bai wuce wanda na shiga da shi ba. Kuma ba ƙin koyo na yi ba. A watana na biyu na tambayi ogana yadda ake daidaita wani lissafi, ya ɗaga takardar sama a gaban kowa ya ce, "Ku zo ku ga mai digiri." Aka kwashe da dariya. Tun ranar na ja bakina na yi shiru, duk abin da ya shige mini duhu sai in ɗauko fayil ɗin bara in kwaikwaya. Don Allah wanda ya ga irin wannan ya faɗa mana.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Ƙanwata, kin taɓo mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Na taɓa makara wajen ba majinyaci magani da awa biyu, na kwana ina tunanin ko in rubuta ko in rufe, domin a sashenmu wanda ya faɗi kuskurensa ya zama abin nuni har wata ya ƙare. Na rubuta, na sha abin da na sha. Da aka mayar da ni wani sashe, sai na tarar da shugabar da tambayarta ta farko kullum ita ce, "Me ya jawo?" A shekara ɗaya a hannunta na koyi abin da ban koya ba a shekara huɗu.

Daga baya na karanta binciken Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard a asibitocin Amurka. Ta tarar da sassan da suka fi haɗin kai su ne suka fi yawan kurakurai a rubuce, saboda ba sa tsoron bayyana su. Wallahi kamar da mu take.

Wani injiniya:
A masana'antun Toyota akwai igiyar da kowane ma'aikaci zai iya ja idan ya ga matsala, har layin haɗa mota ya tsaya in ta kama. A inda na fara aiki kuwa, na ji inji yana wani kuka na faɗa, aka ce yaushe na zo. Bayan mako biyu ya lalace. Ban sake faɗin komai ba.

Wani malamin makaranta:
Ni kuma nawa daban ne. Babu mai tsawa, babu mai wulaƙanci, amma babu wanda ya taɓa leƙo ajina ya ce gyara nan. Kwas idan ya zo, 'yan gaban goshi ake turawa. Zaman lafiya lau, sai dai mutum yana tsatsa bai sani ba. Wannan ma cuta ce, 'yar'uwa.

Wani shugaban sashe:
Na karanta maganarki sau biyu, raina bai yi daɗi ba, domin na taɓa zama irin ogan nan. Na ɗauka tsanani ne ke gyara yara. Ranar da wani yaro mai hazaƙa ya kawo takardar ajiye aiki, na tambaye shi dalili, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara biyu ina da tambayoyi a aljihu." Ya zaro ƙaramin littafi, shafi bayan shafi duk tambayoyi ne. Yanzu duk ranar Litinin ni nake fara faɗin kuskuren da na yi a makon da ya wuce, kafin kowa ya buɗe baki.

Akawun ta dawo:
Na gode ƙwarai. Jibi zan fara sabon aikin, kuma na sayi ɗan littafi irin na yaron nan. Anti mai jinya, ta yaya kika iya sake buɗe baki a makon farko? Ni har yanzu idan zan yi tambaya sai in ji gabana yana faɗuwa.