Wane masauki ya dace da ƙaramin shafina na zane-zane?

Mai_Alƙalami:
Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Ni mai zane ce, da fensir da tawada nake aiki, kuma ina so in tara ayyukana a shafin kaina, don a Instagram kwana biyu kawai zane ya nutse, sai ka yi ta gungurawa kafin ka gan shi. Buƙatata ba ta da yawa: hotunan zane kamar 40, ɗan bayani a kaina, da wurin da mai son aiki zai aiko min saƙo. Ba sayar da kaya zan yi a ciki ba. Da na shiga neman hostin, wato masaukin da zai ajiye shafin a intanet, sai kaina ya ɗaure. Wannan ya ce na haɗaka, wancan ya ce VPS, kowa kuma na cewa nasa ba shi da iyaka. Wani abokin karatuna ya ce in kama VPS tun yanzu kada in sha wahala nan gaba. Haka ne?

Tsohon_Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malama, ki ajiye maganar VPS. A mafi arharsa saba ce, wato kwamfutar da ke riƙe da shafi a intanet, za a ba ki fanko, ke za ki girka komai, ki riƙa sabunta Linux, manhajar da ke tafiyar da sabar, ki toshe kafofin da masu kutse ke bi. Lokacin zanenki zai tafi can. Na haɗaka ya ishe ki. Shafuka da yawa ne a kan saba ɗaya, kamfani ke kula da ita, kuma yawanci WordPress, manhajar gina shafi, dannawa ɗaya ne ya hau.

Abin da za ki sa wa ido shi ne kuɗin sabuntawa. Farashin da suke rubutawa da manyan haruffa na zangon farko ne, na gaskiyar yana ƙasa da ƙananan haruffa, kuma sau da yawa ya ninka. Sannan ki tabbatar suna ba da SSL kyauta, wato shaidar tsaron da ke sa adireshin shafi ya fara da https. Let's Encrypt na bayar da shi ba ko sisi, saboda haka duk mai neman kuɗinsa daban, ki wuce shi. Ba abin wasa ba ne, tun 2018 Chrome ke yi wa shafin da ba shi da https tambarin rashin tsaro. Maganar ba iyaka kuwa, buɗe sharuɗɗansu za ki ga iyakar a rubuce.

Uwar_Biyu:
'Yar'uwa, abu ɗaya zan roƙe ki: domen ɗinki, wato adireshin shafin, ki yi rajistarsa da sunanki da imel ɗinki, a wuri daban da hostin. Wani kamfani ya taɓa ba ni domen kyauta, ashe da sunansu suka yi rajistar. Ranar da shafina ya fara ɗaukewa na ce zan tashi, sai aka shiga yi min yawo da hankali, saƙo bayan saƙo ba amsa. Adireshin nan shi ne a jikin katunan da na raba wa mutane, abin ya yi min ciwo sosai. Kuma duk wata ki sauke kwafin shafin ki ajiye a kwamfutarki, kada ki dogara da ajiyarsu kaɗai.

Ɗan_Lambobi:
Yallaɓai Injiniya, da izininka, ni ina ganin ko na haɗakar ma ba dole ba ne. Shafin da hotuna ne da ɗan rubutu bai buƙatar PHP (yaren da WordPress ke aiki da shi) ko rumbun bayanai. GitHub Pages, masaukin shafuka na kamfanin GitHub, kyauta ne, yana ɗaukar har 1GB, yana karɓar domen ɗinki da https. Matsalarsa biyu: sai kin ɗan koyi HTML (yaren rubuta shafi) ko Jekyll (manhajar da ke haɗa shi), kuma fom ɗin saƙo ba ya aiki shi kaɗai, sai dai ki sa adireshin imel kawai. Duk wanda kika zaɓa, ki rage nauyin hotunan ki mayar da su WebP, nau'in fayil ɗin hoto mara nauyi. Hoton waya ɗaya kan kai 4MB, arba'in a shafi guda kuwa mai ƙaramin data zai rufe kafin ya buɗe.

Mai_Alƙalami:
Allah ya saka da alheri, hankalina ya kwanta. Yau zan sayi domen da sunana kamar yadda Anti Uwar_Biyu ta ce. Zan fara gwada GitHub Pages, imel ya ishe ni. Ɗan_Lambobi, tambaya ɗaya: zanen fensir layukansa sirara ne, in na rage hoton zuwa wane faɗi ne inuwar ba za ta dushe ba?