Waitomo da Hobbiton a rana ɗaya cikin bas: zai yiwu da dattijuwa?

Ɗalibi_Auckland:

Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suke zaune nan Niyu Zilan ko suka taɓa zuwa, shawara nake nema. Hajiyarmu za ta zo bikin yaye mu a watan Mayu in Allah ya kai mu, ita da ƙanina, shi kuma ƙanin nawa tun ranar da bizarsu ta fito ba shi da wata magana sai Hobbiton, ƙauyen nan da aka gina saboda fim ɗin The Lord of the Rings, ya haddace fim ɗin kaf. Ni kuma so nake Hajiya ta ga kogon Waitomo mai tsutsotsin nan masu haske, don na san ita fim bai dame ta ba amma abin da ya shafi halittar Ubangiji tana so sosai.

To na ga kamfanoni suna haɗa biyun a rana ɗaya, babbar bas ta ɗauke ku daga tsakiyar Auckland da sassafe, da ɗan jagora da abincin rana da tikitin shiga duka, sannan ta dawo da ku da daddare. Kuɗin mutum ɗaya ya haura dala 300 ta nan, mu uku kun ga ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibi. Abin da ya fi damuna Hajiya tana fama da gwiwa, tana tafiya dai amma hawa bene wahala yake ba ta. Sai maganar salla a hanya da kuma abincin da ake bayarwa. Kwalliya tana biyan kuɗin sabulu kuwa ko dai in nemi wata dabara?

Uwar_Biyu_Hamilton:

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya kawo Hajiya lafiya ya sanya albarka a karatun. Ni na bi irin wannan bas ɗin da baƙina kuma zan gaya maka tsakani da Allah, abin da hotunan talla ba sa nuna maka shi ne yawancin ranar a kujera za ku yi ta. Daga Auckland zuwa Waitomo wajen kilomita 200 ne, awa biyu da rabi kenan in hanya ba cunkoso, daga can zuwa Hobbiton da ke kusa da garin Matamata kusan awa ɗaya da rabi, sannan komawa Auckland awa biyu da wani abu, ka haɗa ka ga sama da awa shida kenan a zaune, shi ya sa tafiyar take cin awa 12 har 13. Shi kuwa kogon da za ku sha wannan hanya dominsa minti 45 ne kacal a ciki.

Amma fa wallahi minti 45 ɗin nan ba wasa ba ne. Da farko a ƙafa za ku shiga, ana saukowa da ku ta matattakala cikin dutsen farar ƙasa wanda suka ce a ƙarƙashin teku ya taru shekara wajen miliyan 30 da suka wuce, ga tsinin duwatsu rataye daga sama ruwa na ɗiga a jikinsu, ba a yarda ka taɓa ba don maiƙon hannu yana ɓata su. Akwai wani babban ɗaki da suke kira Cathedral, murya tana fita a ciki tar, mu ɗan jagoranmu sai da ya rera mana wata waƙar Maori, wato 'yan asalin ƙasar nan, a wajen. Kafin ku shiga kwale-kwale zai haska tocila ta gefe ya nuna muku zaren da tsutsotsin suke sakowa ƙasa, siriri ne da ɗigo-ɗigon danƙo a jikinsa, da shi suke kama ƙananan ƙwarin da hasken ya jawo, wato hasken nan da muke ta sha'awa tarko ne na neman abinci. Asalinsu ma ba tsutsar ƙasa ba ne, 'ya'yan wani ƙaramin ƙuda ne da ake kira Arachnocampa luminosa wanda babu shi ko'ina sai ƙasar nan, yana yin watanni yana tsutsa amma in ya girma ya yi fiffike ba shi da bakin cin abinci, 'yan kwanaki yake yi ya hayayyafa ya mutu.

Sai a zuba ku a kwale-kwale a kashe duk wata fitila, ba inji ba filafili, ɗan jagoran a tsaye yake yana jan wata igiya da aka ɗaure a sama, kowa ya yi tsit don hayaniya da haske suna sa su dushe. Ka ɗaga kai ka ga rufin kogon ya cika da ɗige-ɗige shuɗi-shuɗi dubbai, har a ruwan ƙasa kana ganinsu. Surukata da ke gefena ba abin da take yi sai tasbihi ƙasa-ƙasa har muka fito ta bakin kogon. Ka gaya wa ƙaninka tun yanzu ba a ɗaukar hoto ko bidiyo a ciki sam, kar ya je ya ɓata rai.

Wani abin da ya burge ni, da yawa daga cikin masu jagoran jikokin mutumin da ya fara shiga kogon ne, wani shugaban Maori mai suna Tane Tinorau, shi da wani Bature mai awon ƙasa Fred Mace suka kutsa ciki a 1887 a kan ɗan gado da suka ɗaure da karan tsiro, da kyandir a hannu. Gwamnati ta karɓe wajen a 1906, sai bayan shekara tamanin da wani abu aka mayar wa zuri'arsa. In sun ba ka labarin za ka ji na gidansu suke bayarwa ba hadda ba ce.

Maganar gwiwa kuma gaskiya akwai matattakala da dama kuma da ɗan danshi, ga shiga kwale-kwale a duhu. Ana riƙe mutum dai, amma rukuni ne ana tafiya tare, wasu na biye da ku a baya.

Mai_Kamara:

Yaya Uwar Biyu ta gama magana a kan kogo, amma ni ina ganin an rage wa Hobbiton daraja a zancen nan, don Allah kar a ɗauka wajen yara ne ko na 'yan fim kawai. Ni sana'ata ɗaukar hoto ce kuma ban taɓa ganin lokeshan da aka kula da shi haka ba. Gonar tumaki ce ta iyalan Alexander, eka 1,250, har gobe kiwo suke yi, tun daga cikin bas za ka ga tumaki birjik a kan tuddai. A 1998 mutanen daraktan fim ɗin Peter Jackson suka hango ta daga jirgin sama suna neman waje mai tudu da tafki da babbar bishiya, a 1999 sojojin ƙasar ne ma suka fasa hanyar shiga da manyan motocinsu. Ƙauyen na farko da katako da soso aka yi shi don a rushe bayan an gama, sai da za a yi fim ɗin The Hobbit aka dawo aka sake ginawa da kayan ƙwarai daga 2009, shi ne wanda ake gani yanzu, gidaje 44 a jikin tudu masu zagayayyun ƙofofi.

Abin da zai ɗaure maka kai ƙananan abubuwa ne. Shanya a kan igiya da 'yan riguna ƙanana, hayaƙi na fita ta bututu, lambun kabewa da kabeji na gaske da ma'aikata suke nomawa duk shekara. Ƙofofin ma ba girmansu ɗaya ba, wasu ƙanana wasu manya, in ana so ɗan wasa ya fito dogo sai a tsayar da shi gaban ƙarama, in ana so ya fito gajere a kai shi gaban babba. Ita kuma bishiyar da ke kan gidan da ya fi kowanne tsayi a tudun ta bogi ce, ƙarfe ne da roba aka maƙala mata ganye ɗaya bayan ɗaya, ni sai da aka faɗa na ƙara kallonta. Da can ƙofofi ne kawai ba komai a bayansu don cikin ɗakunan a situdiyo a Wellington aka ɗauka, amma tun Disamba 2023 sun buɗe wasu da ake shiga har ɗakin kwana da kicin, shi ya sa zagayen yanzu yake kai awa biyu da rabi.

Ni inda na saɓa da tsarin bas shi ne gaggawa. Ba a tauna taura biyu lokaci guda. Kana cikin saita kamara an ce a yi gaba. In kana da lasin ka yi hayar mota, ku kwana a Hamilton ko Matamata, yau kogo gobe Hobbiton, ku uku kuɗin ba zai yi nisa da na bas ba in ma bai gaza ba. Sai dai ko da motarka ka je ba a shiga lokeshan ɗin kai kaɗai, a tasharsu mai suna Shire's Rest za ka ajiye ta ka hau bas ɗinsu da ɗan jagoransu, kuma ka sayi tikiti tun da wuri don yana ƙarewa.

Baban_Sadiq:

Malam kar ka manta da wannan, a ƙarshen zagayen Hobbiton ana shiga wani ɗakin shaƙatawa mai suna Green Dragon a ba kowa kofi ɗaya kyauta, to yawancin abin da ke wajen giya ne har da ta tuffa, ku ce lemon citta kuke so marar barasa, ka faɗa da bakinka kar ka bari a miƙo muku kawai. Abinci kuma ka rubuta musu tun lokacin biyan kuɗi, in ba su tabbatar maka da halal ba ka zaɓi na ganye ko kifi, kuma a sa wa Hajiya ɗan guzurinta a jaka. Salla ba matsala, ku matafiya ne, ku haɗa azahar da la'asar lokacin hutun cin abinci, akwai fili ko'ina, ka ɗauki ƙaramar darduma da gorar ruwa. A Mayu rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 6 don haka magariba a hanya za ta same ku, sai ku haɗa da isha in kun sauka.

Ɗalibi_Auckland:

Allah ya saka da alheri gaba ɗaya, na ƙaru sosai. Malam Mai Kamara matsalar ba ni da lasin ɗin tuƙi a nan kuma ban taɓa riƙe mota a hannun hagu ba, ba zan fara koyo da Hajiya a baya ba gaskiya. Yaya Uwar Biyu to shi Hobbiton ɗin ya yake ga mai ciwon gwiwa, shi ma hawa ne?

Uwar_Biyu_Hamilton:

Hawa ne ƙanina, ni a ganina ma ya fi kogon gajiyarwa, don hanyar tsakuwa ce tana hawa tudu tana sauka kuma a tsaye ake yawancin lokacin. Amma suna da 'yar ƙaramar motar nan ta filin golf da suke ɗaukar waɗanda tafiya ke yi wa wuya, sai dai dole a nema tun kafin ranar, in ta kamfanin bas ka biya ka matsa musu su tabbatar maka a rubuce an yi mata tanadi, kar ka yarda da "za mu gani in mun je".

Sannan ka tambaye su wane kogo ne a cikin tikitin, don a Waitomo ba ɗaya ba ne. Akwai Ruakuri nan kusa, shi ba matattakala, wata hanya ce mai lanƙwasa take zagayawa da kai ƙasa a hankali har keken guragu yana shiga, akwai tsutsotsin a ciki kuma an yarda a yi hoto, sai dai tafiyar ƙafar ta fi tsawo kuma babu kwale-kwale, basa-basan rana ɗaya kuma yawanci na kwale-kwalen suke kai mutane. Ni da Hajiyata ce, in dai tana iya sauka bene a hankali tana riƙe da ƙarfe, na kwale-kwalen zan kai ta, ka gaya wa ɗan jagoran tun a bakin ƙofa ya sa ku a gaba kusa da shi. Ka sani kuma in an yi ruwa mai yawa rafin ciki yana cika har a dakatar da kwale-kwale, ka tambayi me suke yi wa mutum in haka ta faru.

Tunda ba ka tuƙi bas ɗin ba laifi, amma ka nemi ƙaramar bas ta mutum goma sha wani abu maimakon babbar, sun fi haƙuri da dattijai kuma har ƙofar masauki wasu suke zuwa ɗauka. Akwai kuma masu sauke mutum a garin Rotorua maimakon komawa Auckland, awa ɗaya ce kawai daga Matamata, Hajiya ta kwana ta huta washegari ta ga tafasasshen ruwan da ke fitowa daga ƙasa, ya fi a ce ta sake zaman awa biyu da dare bayan ta gaji. Kar ka sa tafiyar a kwana biyun farko da saukarsu, gajiyar jirgi da bambancin lokaci ba su sake ta ba tukuna, kuma kar ka sa washegarin biki. A sa mata takalmi mai kama ƙasa ba silifas ba, da rigar sanyi don Mayu an fara sanyi a nan kuma cikin kogon da sanyinsa ko da yaushe. Lema kam suna bayarwa a Hobbiton in ana ruwa. In za ku tsaya Hamilton ka yi min magana ta akwatin saƙo, akwai masallaci a garin kuma ina so in gaida Hajiya.